Me ke sa wata makaranta ta fi wata? Darasin binciken shekara 60 ga jihohin Arewa

A kusan kowace ƙaramar hukuma a Arewacin Najeriya akwai makarantar gwamnati ɗaya ko biyu da iyaye ke rububin kai 'ya'yansu, har da neman alfarma wurin hedimasta, alhali ga wata a bakin ƙofarsu sun tsallake ta. Gwamnati ɗaya ce ke biyan malaman makarantun biyu, manhaja ɗaya suke bi, yaran kuma daga gidaje iri ɗaya suke fitowa. Amma a ɗaya ɗan aji uku yana karanta wasiƙa, a ɗayar kuwa ɗan aji shida ba ya iya haɗa baƙi.

Iyaye sun san da wannan bambanci, takardun hukuma ne ba su san da shi ba. Idan gwamna ya tashi lissafa ayyukansa a fannin ilimi, zai faɗi ajujuwa nawa ya gina, bencina nawa ya raba, yara nawa aka yi wa rajista. Da wuya a ji ya ce ga adadin yaran da suka iya karatu bara, ga adadinsu bana.

Tambayar abin da ke sa wata makaranta ta fi wata ba sabuwa ba ce. Masana sun shafe kusan shekara 60 suna bin diddiginta, daga Amurka zuwa Landan, daga Yuganda zuwa Indiya da Burazil. Amsar da suka samo ta isa ta sa jihohin Arewa su sake duba inda suke zuba kuɗin ilimi, da kuma ma'aunin da suke auna nasara da shi.

Rahoton da ya tayar da ƙura

A 1964 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta haramta wariyar launin fata. Wani sashe na dokar ya umarci gwamnati ta binciko ko yara baƙar fata da farar fata na samun dama iri ɗaya a makaranta. An ɗora jagorancin aikin a kan James Coleman, masanin zamantakewa a Jami'ar Johns Hopkins. Tawagarsa ta gwada ɗalibai sama da 600,000 a makarantu kusan 4,000, ta fitar da rahoto a 1966.

An zaci rahoton zai ce rashin kayan aiki ne ke danne 'ya'yan talakawa. Sai ya zo da wani zance daban. Ya ce idan aka yi la'akari da gidan da yaro ya fito, to ingancin gini da yawan littattafan laburare da kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi ba su da wani babban tasiri a sakamakonsa. Abin da ya ɗan yi tasiri shi ne ƙwarewar malami da kuma irin yaran da ɗalibi ke zama da su a aji. A 1972 Christopher Jencks da abokan aikinsa a Harvard suka fitar da littafin da ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa makaranta ba ta iya sauya komai, gida ne ke yanke hukunci. Wannan fahimta tana da haɗari, domin tana wanke kowa daga laifi. Irinta ce ake ji har yau a ofisoshin malamai a wannan yanki: yaran ƙauye ne, iyayensu ba su damu ba, da an tashi talla za su tafi. Akwai gaskiya a cikin zancen, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Waɗanda suka ƙi yarda

Wasu masana sun ga cewa idan aka haɗa dubban makarantu aka ɗauki matsakaici, makarantun da suka yi fice sukan ɓace a cikin lissafi. Sai suka shiga neman su ɗaya bayan ɗaya. A 1971 George Weber ya bayyana makarantu huɗu a unguwannin talakawa na biranen Amurka inda yara ke karatu daidai da sauran yaran ƙasar. A 1979 Ronald Edmonds, wani baƙar fata masanin ilimi, ya tattara abubuwa biyar da ya ce irin waɗannan makarantu sun yi tarayya a kai: shugaba mai riƙe da ragamar koyarwa, malamai masu sa ran kowane yaro zai iya, natsuwa da tsari a harabar makaranta, fifita karatu da rubutu da lissafi a kan komai, da yawan duba inda kowane yaro ya kai.

A wannan shekarar ce a Birtaniya Michael Rutter, likitan ƙwaƙwalwar yara, ya fitar da sakamakon bin diddigin makarantun sakandare 12 a tsakiyar Landan. Sunan littafin ya samo asali ne daga sa'o'i 15,000 da yaro ke shafewa a makaranta daga shigarsa zuwa fitarsa. Ƙarfin binciken shi ne an riga an gwada yaran tun suna 'yan shekara 10, kafin su shiga sakandare, saboda haka an san da me kowace makaranta ta fara. Duk da haka sai aka ga bambanci mai yawa a zuwa makaranta, da ɗabi'a, da cin jarrabawa, da faɗawa hannun 'yan sanda.

Tsufan gini ko girman makaranta ba su ne suka raba su ba. Ƙananan abubuwa ne na yau da kullum: a fara darasi kan lokaci, a ba da aikin gida kuma a duba shi, a yaba wa yaro idan ya yi daidai, a ba ɗalibai nauyin wasu ayyuka, malamai su yi magana da murya ɗaya. Makarantun da suka fi yawan horo da duka ba su fi sauran tarbiyya ba. A 1988 Peter Mortimore da tawagarsa suka bi yara kusan 2,000 a makarantun firamare 50 na Landan tsawon shekara huɗu, suka gano cewa idan ana maganar ci gaban da yaro ke samu daga shekara zuwa shekara, makarantar da yake ta fi gidansu tasiri.

A nan ne aka samu ma'aunin da ya fi adalci, wato ƙarin da makaranta ta yi wa yaro. Misalinsa kamar masu kiwon ragon layya biyu ne. Ɗaya ya sayo ƙosasshen rago ya ajiye, ɗaya ya sayo ramamme ya yi ta ɗawainiya da shi har ya murmure. Ranar kasuwa na farkon zai iya fin tsada, amma na biyun ne ya iya kiwo. Makarantar da ke tace ɗalibai da jarrabawar shiga, ta kwashe masu ƙoƙari, sannan ta yi alfahari da sakamakon WAEC, ba lallai ne ta fi makarantar jeka-ka-dawo da ta karɓi kowa ta ɗaga shi daga inda ta same shi ba.

Masanan ba su ce makaranta na share talauci ba. A ƙasashe masu arziki, kason bambancin sakamakon ɗalibai da ake dangantawa da makaranta kanta galibi bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sai dai wannan kaso shi ne wanda ke hannun hukuma kai tsaye, kuma ga ɗan talaka shi ne tazarar da ke tsakanin iya karatu da rashinsa.

A ƙasashe matalauta makaranta ta fi nauyi

Duk waɗancan bincike a ƙasashen Turai da Amurka aka yi su. A farkon shekarun 1970 Stephen Heyneman ya yi irinsa a makarantun firamare na Yuganda, ya ga cewa matsayin iyaye bai da ƙarfin da Coleman ya gani a Amurka. A 1983 shi da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka kammala da cewa gwargwadon talaucin ƙasa, gwargwadon yadda ingancin makaranta da malamai ke ƙayyade abin da yaro zai koya.

Wasu masana sun yi jayayya da girman wannan tasiri daga baya, amma dalilinsa a fili yake. Yaron da ke da littattafai a gida da uwa mai duba masa aiki, ko makaranta ta gaza yana da madogara. Wanda babu takarda ko ɗaya a gidansu, abin da malami ya rubuta a allo shi ne iyakar rabonsa. Idan malamin bai shigo ba, ranar ta tafi ke nan.

Kuma ranakun suna tafiya. Wani binciken Bankin Duniya da aka buga a 2017, wanda ya shafi ƙasashen Afirka bakwai har da Najeriya, ya gano cewa yaran firamare na samun koyarwa ta ƙasa da awa uku a rana, kusan rabin abin da jadawali ya tanada. Wani malamin bai zo ba, wani ya zo amma yana gindin bishiya. Ɓangaren Najeriya na binciken an yi shi a jihohin Anambra, Bauchi, Ekiti da Neja.

Sakamakon wannan ya fito a binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021: kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da tushen karatu, a lissafi kuma kusan kashi 25. Da yawa daga cikin sauran sunayensu na cikin rajista, suna sanye da yunifom, ana lissafa su cikin nasarorin gwamnati. An daɗe ana kuka kan miliyoyin yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma kukan ya dace. Amma waɗanda ke zuwa ba sa koyo ba su da mai yi musu kuka.

Kayan da ba su biya kuɗin sabulu ba

Daga ƙarshen shekarun 1990 masana tattalin arziki suka shigo da wata hanyar gwaji irin wadda ake gwada magani da ita: a zaɓi makarantu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu abu, a bar wasu, sannan a kwatanta. Abin da ya fito ya ba mutane da yawa mamaki.

A yammacin Kenya an raba wa makarantun karkara littattafan karatu. Ɗaliban da suka riga suka yi gaba ne kaɗai suka amfana. Littattafan da Turanci aka rubuta su, bisa manhajar da ta yi wa yawancin yaran nisa, don haka ba su iya karanta su ba. A Peru gwamnati ta raba wa yaran karkara ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙari a lissafi ko harshe ba. A Indunusiya an ninka albashin malaman da suka samu takardar ƙwarewa. Malaman sun ji daɗi, sun rage neman aikin gefe, amma bayan shekara biyu zuwa uku sakamakon ɗalibansu bai motsa ba.

Wannan ba hujja ba ce ta hana malami haƙƙinsa. Malamin da ke bin bashin albashin wata uku, ko wanda aka daskarar da ƙarin girmansa shekara da shekaru, babu wanda zai ga laifinsa idan hankalinsa na kan babur ɗin haya. Biyan albashi kan lokaci shi ne tushe. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne littafi da kwamfuta da kuɗi ba sa koyar da yaro da kansu, sai an sauya abin da ke gudana tsakanin malami da ɗalibi a cikin aji.

Haka ma gini. Inda babu makaranta sam, ko tana da nisa, gina ta na kawo sauyi na gaske. A Burkina Faso an gina makarantu 132 a ƙauyukan da 'yan mata ba sa zuwa karatu, aka haɗa da rijiyoyi da banɗakuna da abinci, kuma shiga makaranta da sakamakon gwaji duk sun ƙaru. Ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa, rufi na yoyo, yana buƙatar gyara ba tare da jiran wani bincike ba. Matsalar ita ce tsayawa a nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin tushe, kuma shekara da shekaru rabin kuɗin na tafiya ne a matsayin tallafin haɗin gwiwa ga jihohi, wanda mafi yawansa gine-gine ne. Gini yana da kwangila, yana da hoto, yana da ranar yanke ƙyalle. Yaron da ya koyi karatu babu mai kiran 'yan jarida dominsa.

Abin da ya yi aiki

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata dabara mai sauƙi: a gwada kowane yaro baki da baki na 'yan mintuna, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko jimla, ko labari. Sannan a ware wani lokaci kullum a raba yaran bisa matakinsu maimakon ajinsu, a koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya.

Tarihin gwajin dabarar ya fi dabarar kanta darasi. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an ba su kayan aiki, amma da suka koma aji a lokacin zangon karatu sai suka ci gaba da bin manhaja kamar da, domin a kanta ake tuhumarsu. A jihar Haryana kuwa gwamnati ta ware awa ɗaya a jadawali, ta sa jami'anta su fara koyar da darasin da kansu kafin su riƙa zagayawa suna taimaka wa malamai. A nan ne karatun yara ya ɗagu. An kawo wannan dabara Najeriya, an gwada ta a Borno tare da UNICEF, da kuma ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano daga 2019.

A Kenya, shirin Tusome da aka fara a 2015 ya game makarantun firamare na gwamnati a faɗin ƙasar. An ba kowane yaro littafi daidai matakinsa, an ba malami jagorar darasi ta kowace rana, aka ba jami'an sa ido ƙananan kwamfutocin hannu, kuma kuɗin zirga-zirgarsu ya danganta da shaidar sun shiga aji sun kalli darasi. Cikin ɗan lokaci yawan 'yan aji biyu da ke kai ma'aunin karatu ya kusan ninkawa.

Misalin da ya fi jan hankali shi ne Sobral, gari mai mutum kusan 200,000 a jihar Ceara da ke yankin matalauta na arewa maso gabashin Burazil. Bayan shekaru ana gine-gine da ƙara yawan ɗalibai, a farkon shekarun 2000 hukumar garin ta gwada yaranta, ta tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba sa iya karatu. Ba ta ɓoye sakamakon ba. Ta sa buri guda: kowane yaro ya iya karatu a shekarun farko. Ta daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, ta koma zaɓensu ta jarrabawa da tantancewa. Ta ba su iko da kuɗin gudanarwa, ta riƙa aiko masu gwaji daga waje, ta sa a bi sawun duk yaron da bai zo ba. A 2005 garin na matsayi na 1,366 a ma'aunin ingancin ilimi na ƙasar. A 2015 shi ne na ɗaya a matakin firamare. Jihar Ceara ta ɗauki tsarin daga 2007, har ta danganta wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da sakamakon karatun yaransu.

Akwai kuma batun harshe. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba. Shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa tare da jagorar malami. Kayan suna nan, jihohi ba sa buƙatar farawa daga tushe.

Inda gyara ke zama aikin takarda

Sanin siffofin makaranta mai kyau daban, mayar da maras kyau ta zama haka daban. Jihar Madhya Pradesh ta Indiya ta gwada a makarantu 1,774: an tantance kowace makaranta, an ba ta maki, an rubuta mata tsarin gyara. An cike takardu kan lokaci, an ɗora su a intanet. Masu bincike Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh suka bi sawu, suka tarar babu abin da ya sauya a zuwan malamai, ko koyarwa, ko sakamakon yara. Jami'ai sun ɗauki cike fom a matsayin aikin kansa. Duk da haka an faɗaɗa irin shirin zuwa makarantu sama da 600,000 a ƙasar, domin a takarda ya yi nasara.

Matsin lamba marar tallafi shi ma yana da nasa sharri. A birnin Atlanta na Amurka, inda aka ɗaure makomar malamai da makin jarrabawa, binciken 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a gyara amsoshin ɗalibai, wasu har gidan yari. Ƙasar da ta san cibiyoyin jarrabawa na musamman inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo ba ta buƙatar dogon bayani kan wannan.

Arewa ma ta ɗanɗana nata. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki a jihohi shida, ciki har da Kano, Jigawa, Kaduna da Kwara. Ya horar da shugabannin makarantu, ya kafa tawagogin inganta makarantu a jihohi, ya farfaɗo da kwamitocin al'umma masu kula da makarantu. Binciken da aka yi wa shirin ya nuna makarantun da suka fi samun tallafi sun fi sauran tsari, amma matakin karatun yara ya ci gaba da zama ƙasa, ga ajujuwa na ta cika. A Kaduna kuma gwajin 2017 ya nuna malamai 21,780 cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba a jarrabawar 'yan aji huɗu, aka sallame su. Gwajin ya tona matsala ta gaske. Sai dai sallama ba ta amsa tambayar wa zai tsaya kan sabon malami a aji har hannunsa ya faɗa.

Abin da ya kamata jihohi su yi

Na farko, a auna. Kowace jiha ta riƙa gwada karatun 'yan aji biyu da aji uku baki da baki kowace shekara, ta hannun masu gwaji da ba malaman makarantar ba, ta bayyana sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Manufar ita ce a san inda za a kai ɗauki. Idan aka mayar da shi bulalar dukan malamai, ƙarya za a riƙa kawowa.

Na biyu, a cire kujerar hedimasta da firinsifal daga rabon siyasa. A zaɓe su ta tantancewa, a horar da su kan sa ido a koyarwa, a ba su ɗan kuɗin alli da gyaran ƙofa kai tsaye, a bar su su zauna shekaru a wuri ɗaya. Shugaban da ke kwana a ofishin sakataren ilimi yana bin takarda ba zai san abin da ake koyarwa a aji biyu ba.

Na uku, a kare lokacin karatu. Makon farko na zango da ke tafiya a shara, da ranar kasuwa, da ranar zuwa banki duba albashi, idan aka tara su wata guda ne ko fiye.

Na huɗu, a ware awa ɗaya kullum ta koyon karatu da lissafi bisa matakin yaro, da harshen da yake ji, a rubuta ta a jadawali domin malami ya san ba laifi yake yi ba idan ya ajiye manhaja.

Na biyar, a ba jami'an sa ido man babur, a sauya abin da ake tambayarsu. Maimakon rajista nawa suka sa wa hannu, a tambaye su darasi nawa suka kalla, me suka gyara wa malamin.

Na shida, a yi nazarin makarantun gida da suka yi fice. Tsangayoyin ilimi na Jami'ar Ahmadu Bello, da Bayero, da Usmanu Danfodiyo, da ta Maiduguri, da kwalejojin ilimi, suna yaye ɗaruruwan masu digiri na biyu da na uku. Da wani kaso daga cikinsu zai bar raba takardun tambayoyi ya zauna zango guda a makarantar ƙauyen da yaranta ke karatu, ya rubuta abin da hedimastanta ke yi, da an samu jagorar da ta fi ta ƙetare dacewa. Birnin Landan ya yi amfani da irin wannan daga 2003, inda aka haɗa makarantu masu rauni da masu ƙarfi da ke da ɗalibai iri ɗaya domin su koya daga juna.

Iyaye ma suna da nasu. Kwamitin kula da makaranta da ke taro kan katanga da rufin kwano kawai ya bar babban aikinsa. Duk uba ko uwa ko yayan da ya iya karatu zai iya miƙa wa ɗan aji uku takarda yau da daddare ya ce ya karanta. Idan ya kasa, gobe akwai tambayar da za a kai wa hedimasta, shi kuma ya kai wa na sama da shi.

Jihohi da dama sun ayyana ilimi kyauta kuma dole, wasu sun ayyana dokar ta-ɓaci a fannin, kason ilimi a kasafin kuɗi ma ya ƙaru a wasu wuraren. Duk abin yabo ne. Amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ranar da gwamna zai tsaya gaban jama'a ya faɗi yawan 'yan aji uku da suka iya karatu a jiharsa, ya kuma yi alkawarin dawowa baɗi da sabon adadi, ranar ce za a san gyaran makarantu ya fara.